Kar Ka Taɓa Tsoho

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ana sanar da jama'a, na kusa da na nesa, masu karatu da waɗanda ake karanta wa, cewa foldar nan mai suna "na-karshe-wallahi" ta riga mu gidan gaskiya da safiyar yau. Ta rasu tana da shekara shida, ta bar 'yan'uwa uku: "na-karshe", da "na-karshe-2", da "na-karshe-sabo". Su ma ba na jin za su kai la'asar. Da yatsa ɗaya na yi aikin, ko gezau ban yi ba.

Ban san me ya kai ni ga maganar rasuwa ba. A bar ta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ni da Dogo muna riƙe da rumbun nan. Babbar manhaja muke haɗawa, irin wadda ake sa wa kwamfuta ta tashi ta yi aiki, muna bayarwa kyauta, makarantu da ƙananan ofisoshi suna saukewa ta intanet. Rumbun da ake ta faɗa kuwa ba komai ba ne illa wani baƙin inji da ke gurnani a ƙuryar ofishinmu, cikinsa fal foldoji. Dogo ne ke haɗa manhajar. Ni nawa rubuta bayani da amsa wasiƙu, shi ya sa ya laƙaba mini Magatakarda, har matarsa ta ɗauka. Sunayen foldoji shi yake raɗawa, yadda ake raɗa wa kuliyoyin unguwa suna, duk abin da ya faɗo bakinsa. Akwai "gwaji". Akwai "gwaji-na-gaske". Akwai "na-mutumin-nan-mai-gilashi", wanda shi kansa Dogo ya manta wane mutum ne. Mai son sauke manhajarmu sai ya yi ta bin foldoji ɗaya bayan ɗaya kamar baƙo yana neman gida a unguwar da ba lamba.

Shekara goma sha ɗaya ina magana. Yau dai na samu fili.

Dogo ba ya nan, tun jiya da rana. Kofin shayinsa na kan tebur da cokali a ciki. Ban wanke ba, ba aikina ba ne.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Na rubuta dokoki uku na manna a bango, daidai saitin kujerarsa.

Ta ɗaya, kowace folda da shekararta da lambarta a jikin sunanta. Ta biyu, babu "sabo", babu "tsoho", domin duk sabo yana kan hanyarsa ta zama tsoho, suna kuwa ba ya bin sa. Ta uku, ba a rantsuwa a sunan folda.

Manyan ɗakuna uku za a yi kawai: "fitarwa" ga abin da ya nuna, "gwaji" ga ɗanye, "ajiya" ga abin da ya sha miya amma ana iya nemansa. Duk wanda ya taɓa shiga laburare mai hankali ya san abin da nake nufi. Rabin littattafan da na karanta a rayuwata, mutane ne suke ƙoƙarin sa duniya a layi, ɗaya rabin kuma labarin yadda ta ƙi. Ni ina ɓangaren farko, ban taɓa ɓoyewa ba.

Da safe muna karyawa matata ta ce, "Baban yara, yau za ka je asibitin?"

Na ce ina da aiki.

Ta ce, "Kai ka ciccibe shi ka sa a mota, kai ka kai shi har ƙofar ɗakin gaggawa, sai komawa ce ta gagare ka?"

Na ce ai an hana cunkoso a kan mara lafiya.

"Wa ya hana? Jiya mu bakwai ne a barandar." Ta tura mini burodi. "Me kuke yi ne lokacin da ya faɗi?"

"Magana."

"Wace magana?"

"Ta aiki."

Ta dube ni irin duban da take yi wa mai nama idan ya ce ba ƙashi a ciki.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Folda arba'in da ɗaya sun koma goma sha tara. Ina da aiki.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe goma da rabi

Yau na zo kan "tsoho".

Na san da ita, tun Laraba nake kewaye ta kamar rami a titi. Ita ce mafi girma a rumbun, ita kaɗai ta cinye wurin da zai ɗauki fitarwa uku. Na duba lissafin masu saukewa: shekara biyar ba wanda ya taɓa ta, ko da kuskure. Na leƙa ciki, dubban ƙananan fayiloli ne masu lamba maimakon suna, ba kai ba gindi. Har da 'yar takardar nan mai suna "karanta" da Dogo ke jefawa a kowace folda. Na san rubutun Dogo, ba waƙafi ba aya, jimla ɗaya tana tafiya har sai numfashin mai karatu ya ɗauke. Ban ɓata lokacina ba.

Me zai kasance a cikin foldar da aka kira "tsoho" in ba tarkacen fitarwar da ba? Ai sunan ya faɗi kansa. Wannan ne ma kaɗai lokacin da suna ya yi gaskiya a rumbun nan.

Ranar Talata ya ce mini, "Magatakarda, ka yi abin da ka ga dama da sauran, amma kar ka taɓa tsoho." Na tambaye shi dalili, ya ce shi dai ya faɗa. Wannan ba dalili ba ne. Dogo mutum ne da har yau yake ajiye da kwalin wayar da ta ɓata tun ba a haifi autarsa ba.

Na ce masa abin da na ce. Ba sai na rubuta ba.

Na yi tunanin in mayar da ita "ajiya", amma ajiya ba juji ba ce. Na goge. Injin ya yi kusan minti biyu yana aikin, ina zaune ina kallon kofin.

In ma an yi kuskure akwai kwafin tsaro. Kwana bakwai yake riƙewa sannan sabo ya hau kan na baya, dokar da ni na kawo bara don faifai ya daina cika. Dogo ya so wata uku, na kayar da shi da hujja.

Rumbu ya yi tsaf.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mako ɗaya.

Saura madubai. Wurare biyar ne suke kwafar rumbunmu don na kusa da su su sauke cikin sauƙi, madubai muke ce musu saboda duk abin da muka yi sai su kwaikwaya: mun ƙara su ƙara, mun goge su goge. Huɗu suna yi da kansu kullum, tuni sun ɗauki sabon tsari. Na biyar kuwa laburaren wata kwaleji ce, tafiyar awa huɗu daga nan, a hannun Malama Gobe.

Ba sunanta ba ne, ni na sa mata. Shekara takwas duk abin da na nema a wurinta amsarta ɗaya ce. Injinta sai tana ofis take kunnawa, ɗaliban kwalejin kaɗai ke iya shigarsa, kwafar ma da hannu take yi in ta tuna. Rabonta da tunawa wata biyu ke nan. Dogo kullum yana kare ta, wai macen da ke kula da littafi dubu talatin ita kaɗai ba a yi mata gaggawa.

Na rubuta mata wasiƙa ta imel. Na gaishe ta da kyau, na yaba wa ƙoƙarinta, sannan na ce idan ba ta daidaita madubinta da sabon tsari ba zuwa ƙarfe sha biyun ranar Juma'a 20 ga wata, za mu cire sunan kwalejinsu daga jerin madubai, cikin baƙin ciki. Na karanta wasiƙar sau uku. Ta yi kyau. Ba wanda zan karanta wa.

Ofishin nan ashe injin yana da ƙara haka? Da muryar Dogo ke danne shi. Mutum ne da ko lambar waya yake karantowa sai ka ɗauka sanarwa ce a rediyo.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je. Wato na je har bakin ƙofar asibitin. Na sayi lemo da ayaba a wurin matar da ke gefen ƙofa, na tsaya ina karanta allon lokutan ziyara, na karanta shi har ƙasa, har da sunan kamfanin da ya buga allon. Maigadi ya ce, "Yallaɓai, shiga za ka yi ko fita?" Na ce ina jiran wani ne.

Yara sun ji daɗin ayabar.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Matata ta dawo daga can. Ban tambaye ta ba, ita ta zauna ta cire takalmi ta fara.

An fito da shi daga ɗakin da ba a shiga. Yana gane mutane, yana ci in an ba shi. Hannun dama da ƙafar dama sun ƙi. Likita ya ce hankalinsa garau yake, kalmomin suna nan a kansa, hanyar fitowa ce ta toshe. Wataƙila ta buɗe, wataƙila ba za ta buɗe ba. Idan ya yi ƙoƙari sai wani sauti ya fito, sai ya ji haushi ya juya fuska bango.

"Dogo fa," in ji ta. "Dogo da ba ya bari a kai aya."

Na ce Allah ya ba shi lafiya.

"Duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗaga kai ya duba. Ya ga ba wanda yake nema ba ne sai ya mayar." Ta tsaya. "Matarsa ta ce in gaishe da Magatakarda, ta ce ko an ɗaure ka a jikin injin ne."

Na ce ina da aiki. Ta ce ta sani, duk unguwa ta sani.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe tara na safe

Wani malamin makaranta ya rubuto yana yabon sabon tsari, wai cikin minti ɗaya ya samu abin da yake nema. Na buga wasiƙar a takarda. Na rasa inda zan ajiye ta, na sa a kan teburin Dogo.

Shayin da ke cikin kofin ya yi fata.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An ba shi biro a hannun hagu. Matata ta ce ya fi minti goma yana fama, da aka ɗauki takardar sai aka ga kalma ɗaya, harufan sun karkace kamar za su zube: tsoho.

Ya sake rubutawa. Tsoho. Sau huɗu.

Mahaifinsa shekara biyar ke nan da rasuwa, kuma Dogo bai taɓa kiransa da komai ba sai "tsoho". Ƙanwarsa na ganin takardar ta fasa kuka, wai yaya ya fara ganin baba, wai kiransa ake yi. Gwaggonsu ta sa aka kira 'yan'uwa na nesa a waya, kowa ya taho. Ɗaki ya cika da masu share hawaye, shi kuma yana ta buga gadon da hannun hagu, su kuma suna cewa ku gani, yana bankwana.

Matata ta ce, "Baban yara, lafiya? Ka ga fuskarka kuwa?"

Na ce zafi ne.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe goma

Kalma ce kawai. Mutum yana iya kewar ubansa. Ban buɗe komai ba yau.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe sha ɗaya da kwata

Matar Dogo ta zo ofis. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa hawo benen nan ba. Ta shigo da kwamfutarsa ta hannu rungume a ƙirji, ta dubi dokokina a bango, ta dubi kofin.

Na ce, "Matarmu, sannu da zuwa. Yaya mai jiki?"

Ta ce, "Da ka zo da ka gani." Sannan ta zauna a kujerarsa. "Ba faɗa na zo yi ba, Magatakarda, ba ni da ƙarfinsa. Mun gane abin da yake nufi. Jiya ya zana akwati da layuka, ya nuna bakinsa, ya nuna takardar. Sai na tuna. Ka san lokacin da idon tsoho ya tafi?"

Na sani. Shekara biyunsa na ƙarshe ba ya gani.

"Tsoho ba ya iya wuni bai ji labarai ba, ga shi ya tsani muryar nan ta inji, ya ce kamar ana yi masa magana ta cikin bututu. Shi ne abokinka ya shige ɗakin ajiyar kaya da bargo a ka, shekara guda cur, kullum in ya dawo aiki, yana karanta jimloli yana ɗauka. Har na fara zaton ya samu matsala. Ashe murya yake haɗa wa kwamfuta. Duk abin da aka rubuta sai ta karanta wa tsoho da muryar ɗansa."

Na tuna shekarar. Na tuna yana zuwa da safe murya a dishe, ina tsokanarsa ko ya shiga waƙa ne.

"Likita ya ce in yana iya danna harufa da hagu, to zai iya magana da ita. Kwamfutar tsoho ɓarayi sun ɗauke tun kwanakin zaman makoki. Faifan abokinka kuma ya ƙone shekara biyu da suka wuce, na ce masa muryar fa, ya ce ba komai, tana rumbu, Magatakarda na gadi." Ta miƙo mini kwamfutar. "Ka sa masa. Yaushe zan dawo in karɓa?"

Na ce gobe.

Ni. Na ce gobe.

Da ta sauka na buɗe kwafin tsaro, ko da yake na iya lissafi. Ranar 9 na goge, yau 19. Dokata ta yi aikinta daidai, ba ta ƙara ko awa ɗaya ba. Na bi madubai huɗu ɗaya bayan ɗaya. Tsaf. Duk sun yi tsaf.

To bari in rubuta, tunda ba mai gani. Ranar Talata, da ya ce kar in taɓa tsoho, cewa na yi, "Ranar da ba ka nan, cikin awa ɗaya zan share wannan shirgin naka kowa ya huta." Ya juyo a kujera, ya ɗaga yatsa yadda yake yi in zai ba ni amsar da zan kwana ina jin zafinta. Ya buɗe baki. Amsar ba ta fito ba.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Saura wuri ɗaya a duniya, in har yana nan. Injin Malama Gobe, wanda na ba wa'adin gobe ƙarfe sha biyu ya kwaikwayi abin da na yi.

Na kira ta sau goma sha huɗu. Tana shiga, ba a ɗauka. Na tura saƙo: "Don Allah kar ki taɓa komai." Ba alamar an karanta. Na rubuta imel, amma wadda ke duba imel sau biyu a wata fa? Na kira ofishin kwalejin, wani ya ce in kira ranar Litinin. Ko in toshe mata hanya daga nan ba zai yi ba, ba daga wurinmu take kwafa ba, daga madubin da ya fi kusa da ita take ɗauka, shi kuma ba a hannuna yake ba. Ban ma san ko ta riga ta yi tun makon jiya ba.

Ko yanzu na tashi, kafin in isa sun rufe. Sai motar farko.

Na gaya wa matata duka, har da maganar ranar Talata. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ce, "Maganarka ba ita ta kayar da shi ba, likita ya ce jininsa ya daɗe yana hawa. Amma gogewar, wannan kai ne." Ta tashi ta goge mini riga.

Shekara takwas ina yi wa baiwar Allah nan dariya saboda jinkiri. Yau ba abin da nake roƙo sai ta kasance yadda na ce take.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe goma da minti ashirin, a bakin hanya

Taya ta fashe. Direba ya ce minti biyar, yanzu minti arba'in. Safeyar ma ba iska. Na san irin mutanen da ke aiki a ƙurarren lokaci, sha biyu saura biyar Malama za ta danna. Na kira sau shida.

Juma'a, ƙarfe uku na rana, a barandar laburare

Sha biyu da minti ashirin da biyar na shiga. Ban taɓa ganinta ido da ido ba. 'Yar ƙaramar mace ce mai gilashi a kan goshi, tana manna bangon wani littafi da gam. A bayanta ga injin, a kunne, fitilarsa na ƙyaftawa.

Na faɗi ko ni wane ne. Ta ce, "Au, mai wasiƙa. Ka zo cire sunanmu da hannunka ne? Ai da ka bari, wa'adin ya wuce da kansa."

Na ce, "Malama, kin kwafa?"

"Zauna mana, kana haki."

"Don girman Allah, kin kwafa?"

Ta ajiye gam. "Ranar da wasiƙarka ta zo na kunna. Ni kafin in bar inji ya goge wani abu sai na sa ya nuna mini jerin abin da zai tafi. Na ga sunaye da yawa, ban damu ba, har da wata mai rantsuwa. Sai na ga wata ƙatuwa. A nan ko jaridar da ɓera ya ci ba ma zubarwa sai mun buɗe mun duba. Na buɗe, na ga takarda an rubuta 'karanta', na karanta." Ta sauko da gilashin kan hancinta ta dube ni. "Kai ba ka karanta ba?"



Ta juyo mini da allon. Layi uku ne, ba waƙafi ba aya:

"muryata ce na ɗaukar wa tsoho don kwamfuta ta riƙa karanta masa labarai tunda ido ya tafi ba ni da wani kwafi sai wannan kar a goge magatakarda da kai nake"

Na karanta littattafan da ba zan iya ƙirgawa ba, wasu ma sau biyu don in samu abin gyara wa mutane magana. Layi uku aka rubuta da sunana a ciki.

Na ce, "To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ce zan rubuto maka gobe."

"Wayata fa? Sau ashirin!"

"Na ga lambarka. Na ce wannan faɗa zai yi, ni kuma ina da ɗalibai masu jarrabawa." Ta miƙo hannu. "Kawo abin da za a zuba maka. Shi mai muryar yana lafiya?"

Na gaya mata. Sannan ta kwafa mini a faifai biyu, ta ce ɗaya a aljihun riga ɗaya a jaka, kar in haɗa su wuri guda. Ta ce nata kuma yana nan, ba za ta goge ba ko na aiko da wasiƙa goma.

Da zan fita ta ce, "Na ji an ce akwai sunan da kake kirana da shi."

Na ce sharrin mutane ne.

Ta ce, "Shi mai muryar ne ya gaya mini. Ya ce kar in ji haushi, kai ma akwai naka."

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Maigadin ya gane ni. Ya ce, "Yallaɓai, wanda kake jira ya zo?" Na ce ya zo.

Ɗaki na huɗu a hagu. Na tura ƙofa, ya ɗaga kai. Bai mayar ba.

Ya rame. Gefen bakinsa ya ja ƙasa. Ƙafafunsa har yanzu sun fi gadon tsawo, an jera musu kujera. Na yi tanadin jawabi tun a mota, mai gabatarwa da kammalawa, amma da na buɗe baki sai na ji ina cewa, "Na kawo." Matarsa ta gyara masa filo, na ɗora kwamfutar a kan teburin cin abinci na tura gabansa.

Da yatsa ɗaya na hagu yake nema, harafi, harafi. Ya danna.

"Shayin asibitin nan ba sukari."

Muryar Dogo ce. Ta fi ta yanzu ƙuruciya da shekara bakwai, kuma ba ta hawa ba ta sauka, komai a miƙe take faɗa kamar mai karanta sanarwa, amma ita ce, har da ɗan kaurin nan. Matarsa ta toshe baki da mayafi ta fita baranda. Ina jin ta tana kiran ƙanwarsa a waya tana dariya tana kuka, tana cewa a gaya wa gwaggo ba inda za shi.

Muka rage mu biyu. Ya dube ni, ya ɗaga yatsan nan, sannan ya sauke shi kan harufa. Ya daɗe. Na tsaya kamar ɗalibi a gaban allo.

"Magatakarda awa ɗaya ka ce nawa ka yi."

Na ce, "Kwana shida."

Ya danna. "Rago."

Na ce, "Dogo, na goge ta. Ban karanta ba. Ba don Malama ba da..."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Kafaɗarsa ta hagu tana rawa, na tsorata, na yunƙura zan kira nas, sai na gane dariya yake yi. Ya sake neman harufa.

"Na sani shi ya sa na sa sunanka."

Na zauna a bakin gadon. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, har na kai ƙofa, muryar ta biyo ni:

"Ka wanke mini kofi."

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na wanke kofin. Sai da na jiƙa shi.

Na mayar da kwafin tsaro wata uku. Na rubuta wa Malama wasiƙa ta biyu, gajera, ba wa'adi a ciki. Foldar ta koma inda take, a sama, kusa da "fitarwa" da "gwaji" da "ajiya", ba shekara ba lamba a jikinta. Na ɗauki biro na ja layi a kan rabin doka ta biyu.

Sunanta daidai yake tun farko. Ni ne na yi kuskure.